Wata guda da iyali a Makka da Madina: otal na bakin Harami, otal na nesa, ko gidan haya?

Magidancin da ya kai riɗinsa Maigatari ko ya sayar da shinkafarsa a Kura, ya ɗaura niyyar tafiya Umara da iyali su yi wata guda, abu biyu yakan fara tambaya: nawa kujerar jirgi, nawa biza. Waɗannan biyun farashinsu a fili yake, ejan ma a waya zai faɗa maka. Masauki ne mai cin kuɗi a ɓoye. Tikitin mai kwana goma da na mai kwana talatin kusan ɗaya ne, amma ɗaki kullum rana ta faɗi sai an biya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a ajiye farashin wannan ɗaki kusa da na wancan, a ce ga mai araha. Wurin da ka sauka shi ke yanke nawa za ka kashe a abinci, nawa a mota, nawa a wanki, kuma shi ke yanke ko tsohuwa za ta riƙa samun salla a Harami ko a ɗaki za ta ƙare watan. Duk waɗannan kuɗin masauki ne, ko da ba su fito a rasit ɗin otal ba.

Kafin lissafi, akwai ƙa'idar da ta sauya yadda ake wannan tsari. Tun 2022 bizar Umara take ba mutum damar zama har kwana 90, don haka wata guda ba matsala ba ne, matuƙar an fita kafin ranar da ake sallamar masu Umara saboda aikin Hajji; a 2025 ranar 1 ga Zulƙida aka sa. Sai dai daga tsakiyar 2025 ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta sa sharaɗin cewa biza ba ta fita sai kamfani ya shigar da masauki mai lasisi, wanda aka riga aka kama, a tsarin Nusuk, wato shafin intanet na ma'aikatar da ake neman bizar ta cikinsa. Ke nan zancen "bari mu sauka tukuna mu nemi wuri" ya zama tsohon zance. Duk irin masaukin da ka zaɓa, tun a gida za ka zauna da ejan ku daidaita a kansa. In ka yi shiru, zai sa kuɗin otal ɗinsa a cikin kuɗin biza, kai kuma ka je ka kama wani wurin, ka biya sau biyu.

Mu ɗauki gida mai mutum bakwai: maigida, uwargida, Hajiya mahaifiyar maigida wadda gwiwa ta fara damu, saurayi ɗan shekara 15, budurwa 'yar 13, da ƙanana biyu, mace da namiji. Kwana 30 ne, 22 a Makka, 8 a Madina, yadda mutanenmu suka saba don samun salloli arba'in. Farashin da za a gani nan gaba na koyon lissafi ne, an ɗora shi a kan lokacin da ba azumi ba. Kowa ya goge shi ya sa wanda aka faɗa masa a makon da zai biya. Hanyar lissafin ita ce abin riƙewa.

Mutum bakwai ɗaki ɗaya ba ya ɗaukarsu. Otal-otal na Makka da gado suke sayar da ɗaki: mai gado biyu, uku, huɗu, wasu har biyar, kuma suna ƙirga kai da fasfo a wurin karɓar makulli. Ko da an yarda ma, kunya ba za ta bari suruka da ɗanta da matarsa su kwana wuri ɗaya ba. Don haka ɗaki biyu ne: mai gado huɗu na mata, mai gado uku na maza. Sannan a tambayi ko farashin da aka faɗa ya haɗa da haraji. Harajin VAT a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne tun watan Yulin 2020, a kansa kuma akwai kuɗin hukumar gari, kashi 5 a manyan otal, kashi 2 da rabi a ƙanana da gidajen haya. In an haɗa, kusan kashi 20 ke nan a babban otal, kusan 18 a ƙarami. A zaman kwana biyu ba a jin sa. A kwana 22 ya kai kuɗin kwana huɗu cur.

Otal na bakin Harami

Su ne na hasumiyar agogo da Jabal Umar, da na farkon titin Ajyad da titin Ibrahim Khalil, inda kana jin kiran salla ka sauko ka samu sahu. A ce kowane ɗaki riyal 450. Ɗaki biyu 900 a kwana, sau 22 ya zama 19,800, da haraji 23,760. A otal ba a yarda da girki ba, risho ko tukunyar lantarki in aka gani ana ƙwacewa saboda gobara, don haka abinci duk saye ne, kuma na kusa da Harami shi ya fi tsada. A sa wa kowa riyal 45 a rana: 315 sau 22, 6,930. Wanki a ce 300. Mota babu. Jimla riyal 30,990.

Abin da kuɗin nan ke saya ba ƙyalli ba ne. Hajiya za ta iya zuwa asuba ta dawo ta kwanta, ta koma la'asar. Yaro in ya ce banɗaki, ko ya fara kukan barci, minti goma an mayar da shi. Uwargida ba sai ta jira maigida ya rako ta ba. Ga gidan da ke da tsoho ko mara lafiya, wannan ba almubazzaranci ba ne.

Amma kalmar "kusa" ita ce aka fi cutar mutane da ita. Ejan zai ce minti biyar. Ka tambaye shi mita nawa, kuma zuwa ina: bakin farfajiya ko ƙofar masallaci, don daga bakin farfajiya zuwa wurin ɗawafi ma wata tafiya ce. Ka buɗe taswirar Google ka sa sunan otal ɗin, ka zaɓi tafiyar ƙasa, ka ga abin da ta ce, sannan ka ninka don ƙafar tsohuwa. Makka gari ne na duwatsu. Mita 600 a Ajyad mai hawa ta fi kilomita guda a Misfala mai shimfiɗa wahala, musamman ga mai tura keken guragu. Sai lif. Bene mai hawa ashirin da lif uku, bayan sallar isha'i ana iya tsayuwar rabin awa kafin a samu shiga. Tun wurin kamawa ka roƙi ɗaki a hawa na ƙasa-ƙasa, kuma ɗakunan biyu su kasance hawa ɗaya.

Otal na nesa mai motar kai-da-kawo

Irin waɗannan suna Kudai, Mahbas Aljin, Aziziyya da ƙarshen Misfala. Yawancinsu ginin alhazai ne, in Hajji ya wuce sai su karya farashi su sa bas kyauta. A ce ɗaki 160. Biyu 320, sau 22 7,040, da haraji kusan 8,300. Abinci a unguwa ya fi sauƙi, a sa 35 kowane kai: 5,390. Wanki 300. To amma Hajiya ba za ta iya turereniyar bas kullum ba, sai an ware mata tasi, a ce riyal 60 a rana: 1,320. Jimla 15,310, rabin na farko ke nan.

Duk darajar wannan zaɓi a kan bas ɗin take, don haka a kanta za ka tsananta tambaya. Dare da rana take yi ko akwai lokacin da take tsayawa? Bayan minti nawa take tashi, ko sai ta cika? A ina take saukewa? Ba ta kai mutum ƙofar masallaci, a tasha take ajiyewa a ƙarasa da ƙafa, wata tashar kusa, wata da ɗan nisa. Ranar Juma'a da daren azumi ana rufe hanyoyin da ke kewaye da Harami tun kafin lokacin salla, wanda bai fito da wuri ba a masallacin unguwa zai yi. Abin da ke faruwa a zahiri, iyali kan koma zuwa sau biyu a rana: a tafi kafin asuba a dawo da hantsi, a koma la'asar a zauna har isha'i. Manya suna jure wannan. Ƙananan yara awa huɗu a farfajiya ba sa jurewa, sai an tafi da ruwa, biskit da tabarma, kuma kuɗin ciye-ciyen nan ma yana taruwa.

Gidan haya mai kaya a ciki

Larabawa suna ce masa shuƙƙa mafrusha. Ɗaki biyu ko uku da falo da kicin da banɗaki biyu, ana bayarwa da kwana ko da wata, sun fi yawa a Aziziyya, Shisha, Nuzha da Baɗha Ƙuraish. Shi ne ya fi kama da zaman gida, shi ne kuma mutane suka fi yi wa lissafin son zuciya, don haka za mu ɗan jima a kansa.

A ce ɗaki biyu da falo riyal 300 a kwana: 6,600, da haraji kusan 7,800. Girki a gida, a sa 18 kowane kai: kusan 2,800. Ranar farko akwai sayayyar da ba a tsammani, babbar tukunya, muciya ko abin da zai maye ta, omo, igiyar shanya, bokiti, a ce 300. Sai mota, wadda a nan ba kyauta ba ce. Bas ɗin gari ta Makka riyal 4 ce kowace hawa. Mutum biyar, ban da Hajiya da mai raka ta a tasi, zuwa da dawowa sau biyu a rana, riyal 80 ke nan. A haɗa da tasin Hajiya a kai 120. Sau 22, 2,640. Jimla 13,540.

Duba da kyau. Tsakaninsa da otal mai bas bai kai riyal 2,000 ba. Abin da tukunya ta tara, mota ta kwashe fiye da rabinsa. Wanda ya zaɓi gidan haya don araha kawai, bai sami abin da ya zata ba. Ribarsa a wani wuri take: tsohuwa mai hawan jini ko ciwon suga za ta ci abin da ta saba, tuwo da miyar kuka da kunun safe, maimakon shinkafa da kaza mai maiƙo har wata guda. Yara suna da falon da za su yi wasa. Akwai injin wanki. In wani ya kwanta da mura, wadda kusan kowa sai ta taɓa shi a makon farko, akwai ɗakin da za a ware shi.

Asararsa kuma ba a riyal ake biyanta ba, uwargida ce ke biya. Girkin mutum bakwai sau biyu a rana da wanke-wanke da wanki, awa huɗu zuwa biyar ne. Matar da aka kashe wa miliyoyi ta zo Ɗakin Allah, bai dace ta ƙare a gaban murhu kamar tana gida ba. Maganinsa a tsara tun kafin a tashi: miya a yi mai yawa sau biyu a mako a sa a firji, girki sau ɗaya a rana, a karya kumallo da burodi da shayi da ƙwai, kwana biyu a mako a sayo na waje, saurayi da budurwa su ɗauki wanke-wanke. In maigida ya san gidansa ba zai bi wannan tsari ba, otal mai bas ya fi masa.

Daga gida a tafi da busassun kaya marasa nauyi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa a ɗaure sosai, yaji, garin kunu, ɗan garin tuwo. Shinkafa, mai, taliya, kaza da kayan miya duk akwai su can, a manyan kantuna irin Bin Dawood ko kasuwar Ka'akiyya inda ake sarin kayan gwari. Ɗaukar su daga Kano asarar kilo ce. Goro kuwa a bar shi a gida, hukumar alhazai ta sha gargaɗi a kansa. Maganin Hajiya a tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, caja za ta shiga ba sai an sayi komai ba.

Abin da ke lalacewa a gidan haya yawanci tun a waya yake lalacewa. Dillali zai turo hotuna ta WhatsApp, ya ce a tura kafin alƙalami don mutane sun yi yawa. A je a tarar wani gidan ne, ko an ba wasu, ko lambar ta daina shiga. Kada kuɗi su fita sai an ga sunan ginin da lasisinsa na ma'aikatar yawon buɗe ido, ejan kuma ya tabbatar zai shiga a tsarin biza. Ka sa a zagaya da kai gidan ta kiran bidiyo kai tsaye, a fara daga titi: ka ga lif yana aiki, a kunna na'urar sanyaya kowane ɗaki, a buɗe famfo, a nuna murhu da firji, a ƙirga gadaje ba katifun ƙasa ba. Ka tambayi wa ke biyan wuta, wa ke sauya tukunyar gas, kwana nawa ake zuwa shara. Akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa har ranar fita. Ranar shiga ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a fashe, in ba haka ba daga kuɗinka za a cire. Kuma tunda zaman ya kai mako uku, ka nemi farashin wata, kada ka yarda da na kwana; wani lokaci biyan wata cikakke ya fi biyan kwana 22 ɗai-ɗai sauƙi.

Sauka wurin 'yan uwa

Kusan kowane gari a Kano da Jigawa yana da nasa a Makka, wajen Shara Mansur da unguwannin da ke kewaye. Ziyara da cin tuwo a wurinsu abu ne mai kyau. Amma mutum bakwai wata guda a gidan da su kansu a matse suke, nauyi ne, kuma ba kyauta ba ne: cefane zai dawo kanka, ga alheri ranar tafiya, ga kuɗin otal ɗin da ke jikin biza wanda ka riga ka biya. In mai gidan ba shi da igama, wato takardar izinin zama, ka jawo masa ido, ka jawo wa kanka. A lissafi kada a sa wannan a matsayin masauki.

A naira, da kuma hanyar tsakiya

Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.75 a dala ɗaya, tun 1986. Don haka raba farashin dala na ranar da 3.75 ka samu na riyal. In dala tana naira 1,500, riyal 400 ke nan. Otal na bakin Harami ya tashi kusan naira miliyan 12.4, mai bas miliyan 6.1, gidan haya miliyan 5.4. Makka kaɗai ke nan. Manomi ya raba kowace jimla da farashin buhu na wannan makon, ya ga buhu nawa kowane zaɓi zai fitar daga rumbu. A nan ne lissafi ke shiga kai.

Ga gida irin wanda muka ɗauka, abin da muka fi gamsuwa da shi a raba zaman. Kwana 16 a gidan haya, inda kowace rana ke cin kusan riyal 615 da komai da komai, sannan kwana 6 na ƙarshe a bakin Harami a kusan 1,409. Jimla wajen 18,300, naira miliyan 7.3. Na kusa ya zo a ƙarshe, ba a farko ba, domin wanda ya saba saukowa daga lif ya shiga sahu, in aka mayar da shi layin bas, sauran kwanakin duk ƙorafi ne. Kuma a lokacin jiki ya gaji, an fi bukatar sauƙin. Kuɗin ƙaura a sa shi a lissafi: mota babba ɗaya, da rabin yini da zai tafi a ɗaure kaya.

Akwai masu raba mutane maimakon kwanaki: Hajiya da jikarta budurwa a ɗaki mai gado biyu kusa da Harami, sauran a nesa. Yana rage kuɗi, amma sai in yarinyar tana da wayo, akwai layin waya na can a hannunta, kuma Hajiya ta yarda da ranta. Tsofaffinmu da yawa sun gwammace wahalar mota da a raba su da iyali a baƙon gari.

Madina ba ta bukatar dogon tunani. Gari ne shimfiɗaɗɗe, otal-otal sun kewaye masallaci a unguwar da ake kira Markaziyya, kwana takwas ne kawai. A nan a biya na kusa, kada a wahalar da kai da neman kicin. Gidan da mata suka fi yawa ya nemi ɓangaren arewa, don ta nan sassan mata suka fi kusa. Tsakanin garuruwan biyu akwai jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma yana da iyakar kaya, jaka ɗaya babba ga kowane fasinja. Mutum bakwai da kayan wata guda, sau da yawa shatar mota ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa ta fi sauƙi.

In kamfani ne zai haɗa komai

Yawancin mutanenmu haka suke tafiya, kuma ba laifi, kamfani yana sarin ɗakuna ya samu rangwamen da kai ba za ka samu ba. Sai dai tsarinsu na mako biyu ne, mutum huɗu ko biyar a ɗaki, maza daban mata daban, tare da baƙin fuska. Mai iyali da zai yi wata dole ya nemi a yi masa nasa. A tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, na wannan shekarar. A rubuta sunan otal na Makka da na Madina, yawan kwana a kowanne, yawan gado, da ko akwai abinci. Inda aka rubuta "ko makamancinsa", a sa a ambaci sunan makamancin, domin ta wannan ƙofar ake kai mutum bayan dutse. Kuɗi a tura asusun kamfani, ba na wani yaron ofis ko ɗan garinku mai haɗa mutane ba, a karɓi rasit. Ka kuma ce a ware maka kuɗin masauki daga na jirgi da biza, shi ne kawai zai ba ka damar kwatanta shi da lissafin da ke sama.

Lokacin tafiya yana iya juya lissafin gaba ɗaya. A azumi, musamman goman ƙarshe, ɗakin bakin Harami yakan ninka sau da yawa, kuma otal da dama ba sa sayar da goman a gutsure, sai duka. Bas da tasi ma sun fi wahala a lokacin, don ana rufe hanyoyi tun kafin buɗa-baki, ga asham ga tahajjudi. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son azumi a can, ya fi masa ya shiga tun ƙarshen Sha'aban ya yi ashirin na farko. Wanda zai kai Salla kuwa ya kama har daren 30 da kwana ɗaya bayansa, kada ya dogara wata zai yi nuƙusani. Bayan kaka kuɗi na hannu kuma sanyi ya sauka, amma watan Disamba duniya duka ke hutu, farashi a sama yake. Dogon hutun makaranta, ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a Safar da Rabi'ul Awwal, bayan alhazai sun watse, kuma a Makka lokacin sauƙin ɗaki ne. Sai dai zafi yana haura digiri 40, tafiyar kilomita guda da yara da azahar ba ta yiwuwa, don haka a wannan lokacin otal na kusa shi ne zaɓi, tunda ya sauko kuma an fi bukatarsa. Matsalar ita ce tsakiyar damina ce. Kuɗin wanda zai tsaya kan noma da zuba taki ma yana cikin kuɗin tafiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya ga abin da naira ta yi daga watan Yunin 2023 zuwa farkon 2024, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a banki ta haura 1,500. Wanda ya ajiye kuɗin masauki a naira wata huɗu kafin tafiya, caca yake yi da su. Ana sayar da amfani a mayar da kason masauki dala ko riyal, ta banki ko wurin ɗan canjin da aka sani a Wapa. Guzurin matafiya na banki, wanda ake kira PTA, dala 4,000 ne a wata uku ga babba, kuma tun 2024 a kati ake zuba yawancinsa, don haka a gwada katin kafin a tashi. Katin naira da wasu bankuna suka sake buɗe wa sayayyar waje a 2025 yana da iyaka, ba zai biya otal na mako uku a zuwa ɗaya ba. Tsabar da ta haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan a filin jirgi. In ta intanet za a kama ɗaki, irin su Booking.com, farashi biyu ake gani: wanda ake iya sokewa da wanda in an biya shi ke nan. Na biyun ya fi araha, amma fasfon yaro ɗaya ya makale a ofishin Kano ko Dutse, ko jirgi ya ɗaga rana, kuɗin sun tafi. Kafin tikiti ya tabbata, mai sokuwa ake kamawa.

A kan jimlar da aka samu a ƙara kashi 10 zuwa 15 a ajiye gefe, a cikinsu har da kuɗin kwana biyu na ɗakin nesa, saboda ɗaga jirgin dawowa abu ne da ke faruwa. Kuɗin tsaraba a ɗaure su daban a hannun wani daban. Jallabiya, dabino da turare sun sha cinye kuɗin makon ƙarshe na masauki.

Sai ƙirgar kwana, wadda ake yawan ɓatawa. Otal a can da ƙarfe 4 na yamma yake ba da makulli, da 12 na rana yake karɓa. In jirginku zai sauka Jidda da tsakar dare ku iso Makka da asuba, ɗakin da aka kama da kwanan watan wannan ranar ba naku ba ne sai la'asar, ga tsohuwa da yara cikin gajiya, ga maza da harami a jiki. A kama daga daren jiya, a kuma sanar da otal cewa da asuba za a iso, don kada su ɗauka ba a zo ba su sayar. Ranar dawowa ma haka: in jirgi na dare ne, ba sai an biya ɗaki biyu ba, a ƙara kwana ɗaya a ɗakin mata kawai, a tara kaya a ciki, Hajiya da yara su huta, kowa ya yi wanka kafin motar Jidda ta zo.